Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Ƙara, Haƙƙin Maƙwabci da Sharuɗɗan da Muke Mantawa a Yarjejeniya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu ji da gani, Ya sanya dare ya zama lokacin hutawar bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa masu bibiyar wannan shafi, yau zan fara ne da tona wa kaina asiri, domin kuwa laifin da zan yi magana a kansa har da ni a cikin waɗanda suka aikata shi.

Shekaru kaɗan da suka wuce, Allah Ya hore wa makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a nan cikin garin Daura wasu 'yan kuɗi daga hannun bayin Allah, muka yanke shawarar gina azuzuwa biyu. Ina cikin kwamitin da ya zauna da magini. Mun rubuta adadin bulo da buhunan siminti da bandir ɗin kwano, mun rubuta kuɗin aiki da ranar gamawa, shaidu suka sa hannu, muka yi addu'a muka tashi muna ganin mun cika sharuɗɗa. Ranar da aka fara karatu a ciki, sai muka gane cewa bangon da ya raba azuzuwan a daidai silin ya tsaya, sama da shi fili ne fetal har zuwa kwano. Idan 'yan aji ɗaya suka ɗauki hadda, malamin ɗaya ajin sai ya ajiye alli ya jira, ko kuma ya yi ta ɗaga murya har ta dishe. Da muka koma wa magini, amsar da ya ba mu ita ce ya yi abin da ke cikin takarda. Gaskiya ya faɗa.

Wannan bai ishe mu darasi ba. Da muka buɗe ajin dare na manya, sai muka sayi janareto, muka duba ƙarfinsa da farashinsa kawai, muka ajiye shi a lungun da ya fi nisa da azuzuwanmu. Ashe lungun da ya fi nisa da mu shi ne mafi kusa da ɗakin wani dattijo maƙwabcinmu. Ya yi haƙuri kusan wata biyu, sai wata rana bayan sallar La'asar ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, ina jin nauyin in yi ƙorafi a kan wurin da ake karatun Alƙur'ani, shi ya sa na yi shiru. Amma uwar 'ya'yana ba ta da lafiya, kuma tun da aka kawo injin nan ba ta runtsawa sai an kashe shi." Na ce: "Baba, ka yafe mana, wallahi ba mu lura ba." Ya yi murmushi ya ce ai ya san ba mu lura ba.

Murmushin nan ya daɗe yana damuna. Muna cikin aji muna karantar da babin haƙƙin maƙwabtaka, injinmu kuma yana waje yana hana mara lafiya barci. Ra'ayin da nake son karewa a wannan rubutu shi ne: maganar ƙara ta cancanci a rubuta ta a cikin yarjejeniya, ta gini ce ko ta haya ko ta sayen inji da lasifika, kamar yadda ake rubuta kuɗi da wa'adi. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Abin da ba a faɗa ba ranar ƙulla magana, da wuya a same shi ranar rigima.

ƘARA ABA CE DA AKE AUNAWA

Da yawanmu muna ɗaukar ƙara a matsayin abin da ya danganta da halin mutum, wato wane mai haƙuri ne, wane kuma mai ƙorafi ne. Alhali kuwa tana da ma'auni kamar yadda hatsi yake da mudu. Sunan ma'aunin desibel. Raɗa tana kai wajen desibel 30, hira tsakanin mutum biyu wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sanya desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar da idan ana wuce ta kullum ji yake fara lalacewa, kuma ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tofowa. Duk wanda ya taɓa yin magana da tsohon mai injin niƙa ya ga yadda yake karkato da kunne yana cewa a maimaita, ya ga shaidar wannan.

Lissafin desibel ya sha bamban da lissafin kasuwa. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, kunne kuma yana jin kamar an ninka shi sau biyu. Injina biyu masu ƙara iri ɗaya idan aka tashe su tare, desibel 3 kawai suke ƙarawa a kan na guda ɗaya. A fili kuma, duk lokacin da ka ninka nisanka da inji, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Ke nan da mun matsar da janaretonmu daga mita 2 zuwa mita 8 daga tagar dattijon nan, da ƙarar ta ragu da wajen desibel 12, wato ta koma ƙasa da rabin yadda kunne ke jin ta, ba tare da mun kashe komai ba sai kuɗin ƙarin waya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke shiga aji lokacin darasi ta wuce desibel 35, ta ɗakin kwana da dare kuma kada ta wuce 30. A nan Nijeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli tana da ƙa'idojin hana hayaniya na 2009, waɗanda suka sanya wa unguwannin zama iyakar desibel 50 da rana da 35 da dare, daren kuma yana farawa daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Doka tana nan a rubuce. To amma mai karatu ya tambayi kansa: sau nawa ya taɓa ganin an zo unguwarsu da na'urar awo? Shi ya sa nake ganin takardar da mutum biyu suka sa wa hannu a gaban shaidu ta fi kusa da amfanar mu, domin akwai wanda za a riƙe da ita, ga mai unguwa, ga alƙali.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta Turawa ce aka aro. A cikin Suratu Luƙman, aya ta 19, sassauta murya tana cikin nasihohin da bawan Allah Luƙman ya yi wa ɗansa. Imam Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna da hakan. Mu lura, abin da suke karantawa Alƙur'ani ne, wurin kuma masallaci ne, amma duk da haka aka kira abin cutarwa. Ina ga ƙarar inji a gindin tagar mara lafiya?

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun faɗaɗa wannan babi ƙwarai. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin a zaure ya wuce ta wurin da aka hana mutum ƙirƙiro abin da zai cutar da maƙwabcinsa. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita, tana da babi guda a kan cutarwa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Ibnur Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, har ya rubuta littafin Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki ya kawo yadda ake gane ko dutsen niƙa da dabba ke juyawa yana cutar da bangon maƙwabci: a ɗaure takarda da zare a kusurwoyinta huɗu, a rataye ta a rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyin wani tsiro da Larabawa ke kira kuzbara, sannan a ce wa mai niƙa ya tashi aikinsa. Idan ƙwayoyin suka motsa, girgizar tana isa bango, sai a umarce shi ya kawar da dutsen. Wannan fa gwaji ne na awo, shekaru kusan 700 da suka wuce, babu lantarki babu kwamfuta.

Amana ta ilmi ta sa dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Malaman sun yi saɓani game da ƙara tsurarta, wadda ba ta girgiza bango. Da yawa daga cikinsu sun tafi a kan cewa ba a hana maƙeri ko mai bugu sana'arsa saboda sauti kawai, domin abincinsa ke nan. Wasu kuma, kamar malaman fatawa na Ɗulaiɗila a Andalus, sun yi hukunci da hana masu bugun tufafi idan maƙwabta suka cutu da ƙarar. A fahimtata wannan saɓani hujja ce ga abin da nake kira gare shi. Tun da ba kullum ne za ka je gaban alƙali da kukan ƙara kaɗai ka tabbata za ka yi nasara ba, to ka sanya ta sharaɗi tun farko. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura, kuma sananne ne a fiƙihu cewa Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗaukar wa kansa matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Sannan a mazhabarmu, wanda ya sayi kaya bisa sharaɗin wata siffa da yake da manufa a kanta, ya tarar babu ita, yana da damar mayarwa. Janareto mai ƙara ba lallai a kira shi mai aibi ba, domin haka aka ƙera shi. Amma idan ka ce mara ƙara kake so, aka rubuta, aka kawo maka mai ƙara, haƙƙinka ya tabbata.

DAURA TA CANZA, GININMU MA YA CANZA

Kakanninmu da suka zauna a unguwannin da ke kewaye da fada da rijiyar Kusugu ba su buƙaci rubuta irin wannan sharaɗi ba, saboda ginin da kansa yana ɗauke da shi. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa suna da nauyi, sauti kuwa nauyi ne babban abin da ke tare shi. Ga zaure da shigifa tsakanin titi da cikin gida. Yau mun koma bulo mai rami da rufin kwano da tagogin ƙarfe, filaye sun ƙanƙance, bango ya haɗu da bango. A ɗaya gefen kuma abubuwan da ke yin ƙara sun yawaita: injin markaɗe, injin walda, janareton mai cajin waya da na gidan kallon ƙwallo, da manyan lasifikokin biki. Akwai ma wani ƙaramin janareto da mutanen kudu suka raɗa wa suna mai ma'anar "na fi maƙwabcina", sunan kaɗai ya isa wa'azi.

Garin kuma yana ƙara cika. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, a ƙarshen wannan shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ɗalibai da ma'aikata suna shigowa, ana gina ɗakunan haya da shaguna a jikin gidaje, haka abin yake tafiya har Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure gwargwadon girman kowane gari. Mu kuma tuna da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke koro kowa tsakar gida ya kwana. A waɗannan watanni babu bango tsakanin kunnen maƙwabcinka da injinka.

ME ZA A RUBUTA?

Na farko, yarjejeniyar gini. Idan makaranta ce ko asibiti ko ɗakunan haya, a rubuta cewa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki zai tashi har ya taɓa rufi, da bulo mai inci 9, a yi masa filasta ciki da waje, a toshe duk wata kafa, domin sauti kamar ruwa yake, ƙaramar ɓula ta ishe shi. A rubuta inda ɗakin janareto zai zauna tun a zane, nesa da ɗakunan kwanan maƙwabta, ƙofar iskarsa da bakin salansa suna kallon inda babu mutane. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an yi gwaji: yara su ɗauki karatu a aji ɗaya, malami ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum a ɗayan, na bayan aji ya ce ko yana ji. Wannan ita ce takardar Ibnur Rami ta zamaninmu. Idan masallaci ne, a tuna cewa tayil a ƙasa da bango, da silin mai santsi, suna sa murya ta yi ta kai da komo har huɗuba ta cakuɗe, jama'a su ce a ƙara murya, alhali ƙarin muryar ƙara dagula ta yake yi. Shimfiɗa mai kauri da ƙananan lasifikoki da aka rarraba a sahu-sahu sun fi manya biyu da aka ƙure.

Na biyu, sayen inji. Kamfanonin janareto da yawa suna rubuta yawan desibel a jikin inji ko a takardarsa, galibi a nisan mita 7. Lamba ba tare da nisa ba ba ta da ma'ana, saboda haka a tambayi duka biyun, a rubuta su a rasit, tare da sharaɗin za a tashe shi da kaya a kansa a gwada, idan ya saɓa a mayar. Wayoyin hannu na yanzu suna ɗaukar manhajar auna sauti. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta bambance inji da inji. A ɗora inji a kan roba mai kauri, kada a jingina shi da bangon da kuka yi tarayya da wani. Gargaɗi kuma mai muhimmanci: kada neman rage ƙara ya sa a shigar da janareto cikin ɗaki ko a rufe shi ruf, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba mara wari da ta sha kashe iyali guda cikin dare ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 mutane da yawa sun koma sola, wadda ba ta da ƙara ko kaɗan. Duk kwamitin da ke da hali ya sa wannan a cikin lissafinsa.

Na uku, haya. Sharaɗi ne a fiƙihu amfanin da aka yi haya dominsa ya zama sananne. Mai gidan da zai ba da shago ya rubuta sana'ar da za a yi a ciki, da lokacin tashin inji da lokacin kashe shi, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa. Mai karɓar hayar ɗaki shi ma, musamman ɗalibi, ya zo ya ga wurin da dare kafin ya biya kuɗin shekara. Dillalai su ji tsoron Allah su faɗi abin da suka sani.

Na huɗu, masu kayan sauti na biki da walima da wa'azi. Wanda ya ɗauko su shi ne ya kamata ya gindaya musu lokacin tashi da iyakar murya da inda lasifika za ta fuskanta, domin shi maƙwabta suka sani.

AMSA GA MASU JAYAYYA

Wani zai ce rubuta irin wannan alamar rashin yarda ce tsakanin 'yan'uwa. Amsa ita ce, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma sahabbai aka fara yi wa magana da ita, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu yana tsare zumunci ne. Da mun rubuta maganar bango, da ba mu yi musayar yawu da maginin da muke sallah sahu ɗaya da shi ba.

Wani zai ce so nake a hana talaka neman abinci. Mai markaɗe da mai walda 'yan'uwanmu ne, kuma muna buƙatar aikinsu. Sharaɗin lokaci da wurin ajiye inji ba ya rufe shago, hasali ma yana kare mai sana'a daga ranar da unguwa za ta taso masa gaba ɗaya bayan ya riga ya kashe jarinsa. Kuma kunnen da ya fi cutuwa nasa ne da na yaran da ke taya shi aiki.

Wani kuma zai ce wannan hanya ce ta yaƙar kiran sallah. Allah Ya kiyaye. Kiran sallah alama ce ta Musulunci, ɗaga murya a cikinsa abin so ne, kuma 'yan mintoci ne. Maganata a kan abin da ke biyo baya ne, kamar kaset ɗin da ake saki a lasifikar waje tun tsakar dare, ko masallatai uku a layi ɗaya kowanne ya ƙure murya a Tarawihi har mai sallah ya kasa gane karatun limaminsa. A Mayun 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta ba da umarnin taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, muryar kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Indonesiya, a 2022, ta fitar da nata tsarin da ya sanya iyakar desibel 100. Ba na cewa mu kwafi kowa ido rufe, amma ya kamata kwamitocin masallatanmu su zauna da malamai su tsara nasu, su kuma rubuta shi a cikin yarjejeniyar da suke yi da mai haɗa musu na'ura.

Mu dai a makarantarmu mun ƙarasa bangon nan har sama, da kuɗin da ya fi wanda za mu kashe da an yi shi tun farko, mun kuma ɗauke janareton zuwa ɗaya gefen muka gina masa ɗaki. Matar dattijon nan Allah Ya yi mata rasuwa bayan wasu watanni, Allah Ya jiƙanta. Har yau idan na tuna wata biyun da ta yi tana jiran mu kashe inji kafin ta yi barci, sai in yi istigfari.

Ya ɗan'uwana matashi, wataƙila gobe kai ne sakataren kwamitin masallaci, ko injiniyan da za a ba zane, ko mai shagon da zai sayi inji. Idan aka zo rubuta takarda, ka ce a ƙara layi ɗaya domin maƙwabci, ko da ba ya wurin.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.